Kujerar Kawu a Ƙarƙashin Fanka

Abijan, farkon damina

Ɗan Gwaggona Bediako,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara, da Gwaggo Afrakoma da ciwon gwiwarta. Ka gaishe min da mutanen rumfar takalma, Maame Dansowaa da keken ɗinkinta, da Gyamfi in surutu ya bar shi ya amsa. Ni nan lafiya lau, sai aikin tashar jiragen ruwa da ba ya ƙarewa.

Yaya tarin Baba? Wata 'yar kasuwa da ta zo sarin atamfa ta ce min ta biya rumfa, ta same shi yana tari har sai da ya ajiye guduma ya dafa bango. Abin ya tsaya min a rai. Wato a bakin 'yar kasuwa zan riƙa jin labarin ubana, alhali kana zaune da shi daga safe har yamma, kuma ka iya riƙe biro.

To, direba Asamoa zai kawo maka wani kwali mai nauyi. Fanka ce, amma ba irin mai hura wa mutum iska ba. Ita zuƙa take yi, ta kwashe iskar ciki ta watsar waje. Irinta muke sakawa a jirgi inda ake fenti. Warin gam da tina, ruwan narka gam ɗin nan, da kuke shaƙa wuni guda shi ke cin ƙirjin Baba, ba mayu ba, ko me Gwaggo za ta ce.

Ka fasa bangon baya, daidai saman teburin gam. Ka yi mata gida na katako mai ƙwari, ka ɗaure da noti, ba ƙusa ba, don tana girgiza in tana juyi. Raga biyu na cikin kwalin, ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje. Kada a kunna ta ko sau ɗaya babu raga, na ga wanda ya bar yatsunsa a irinta. Waya kuwa kada ka taɓa. Na san ka, kai ne mai naɗe waya da leda ka ce ta yi. Ka kira Fosu mai gyaran wuta ya ja mata layinta daban da fis nata, ya haɗa wayar ƙasa, makunnin kuma ya zama waje, nesa da gwangwanin gam, saboda makunni yana tartsatsi. A kunna ta kafin a buɗe gam, a bar ta tana aiki bayan an rufe. Murhun gawayin da kuke ɗumama ƙasan takalmi ya koma waje gaba ɗaya. In za a goge ta, a kashe, a zare fis ɗin a sa a aljihu tukuna.

Na san rumfar ba tawa ba ce. Kai ne ɗan ƙanwarsa, kai za ka gaji bencinsa da gudumarsa da masu sayensa. Ni ɗa ne kawai, gadona yana can Mampong wurin dangin uwata, wata tsohuwar gonar koko. Ban yi jayayya da al'ada ba. Amma ƙirjin da ke tarin nan na ubana ne, shi dai ba a ce na ɗan ƙanwa ba ne.

Naka,
Twumasi

Kumasi, ranar Lahadi

Ɗan Kawu Twumasi,

Muna amsa gaisuwa. Kowa lafiya. Innata ta ce gwiwa da sauƙi, ta kuma ce in gaya maka mayu ba su ajiye aiki don ka koyi Faransanci ba.

Kwali ya iso, ya kusa karya min baya. Umarninka ma ya iso, wanda ka rubuta kamar kana magana da ɗan koyon da ya sauka daga motar ƙauye jiya. Duk da haka na bi shi. Na fasa bango, na yi gidan katako, na ɗaure da noti, raga ciki, raga waje. Fosu ya ja waya, ya sa makunni a waje, ban taɓa ko ledar ba. Murhu ya fita. Akwai kuma abin da ba ka rubuto ba: bayan bangon nan Naa Dede ke sayar da dokunu, tuwon masarar nan, da kifi, da an kunna a haka da warin gam za ta riƙa zuba wa mutane a faranti. Na sa an lanƙwasa bututun kwano ya kai iskar can saman rufi. Wannan daga Abijan ba a hango shi, sai wanda ke nan.

Ranar kunnawa Kawu ya ɗauro zanensa na zuwa biki. Ya sa aka kawo kwalbar giya, ya zuba a ƙasa, ya kira kakanni, ya kira sunanka har na gaji da ji. Sannan ya fita da kansa ya danna makunni. Da ta ɗauki ƙugi, Gyamfi ya dafe kai ya ce, "Kai! Ashe jirgin sama Twumasi ya aiko mana, fukafukan ne suka maƙale a kan iyaka!"

Ana cikin dariya Maame Dansowaa ta tsayar da kekenta ta ce, "Tsaya, tsaya. Yanzu kyautar da ɗa ya aiko daga ƙasar waje, gwangwanin gam ne zai zauna a gindinta, uban yana can tsakiyar rumfa yana leƙe? A garin wa aka taɓa haka?"

Kowa ya ce gaskiya ne. Ka san mu, ko kaza aka yanka babba ke fara sa hannu. Nan take aka ja teburin gam zuwa wajen ƙofa, ni kuma na ɗauki kujerar Kawu da hannuna na ajiye masa a ƙarƙashin fanka. Ya zauna, iska tana wucewa ta wuyansa, ya lumshe ido ya ce ɗansa ya aiko masa da bakin teku.

Ka ji daɗinka. Shekara ashirin ke nan ina yanka masa fata, ina kai masa fufu har benci, ni na goya shi a bayana zuwa asibiti shekarar da ya faɗi. Bai taɓa zuba ko ɗigon giya da sunana ba. Yanzu da safe sai ya shafa ragar fanka kafin ya amsa gaisuwata. Wanda ya shigo sayen silifa ba ya fita sai ya ji tarihin ɗansa injiniyan jirgi. Ba na ɓoye maka, abin yana ƙona min rai.

Bediako

Kumasi, tsakiyar damina

Twumasi,

Gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Asamoa ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannunsa babu komai. Ko dai an gama abin da aka so, an aiko kyauta an sha yabo, sauran kuma aikin masu zama a gida ne?

Mu nan da sauƙi, in ban da Kawu. Gaskiya rumfa ta canza. Maame Dansowaa ta daina ɗaure kai da tsumma saboda ciwon kai, ni ma da nake shafa gam idona ya daina yaji. Kowa ya warke sai wanda aka aiko fankar dominsa. Tarinsa ya ƙaru, Twumasi. Yana yi har hawaye su zubo, kafin azahar muryarsa ta dushe, abinci ma ya rage ci. Jiya ya bar naman akuya a cikin miyar kwakwa, kai ka san abin da wannan ke nufi a wurinsa.

Na ce mu koma asibiti, ya ce wane asibiti kuma bayan ɗansa ya aiko da magani. Wai fankar tana jawo ciwon ne daga ƙirji, shi ya sa yake fitowa da ƙarfi. Ya ƙara jan kujera har ƙeyarsa tana taɓa raga. Innata kuwa ta ce ai ta faɗa, hassadar mutane ce ta biyo kyautar.

In kana da abin cewa ka ce. In kuma sabuwar fanka kake shirin aikowa, ka haɗo da wanda zai riƙe masa kwano in yana tari.

Bediako

Abijan

Bediako,

Gaisuwa a taƙaice. An tura ni tashar San Pedro gyaran wani jirgi, jiya na dawo na tarar da wasiƙunka biyu a wurin mai gadi.

Me kuka yi? Me ka yi? Na ce a sa ta saman teburin gam. Ban ce a sa ta saman ubana ba. Fankar nan zuƙa take yi. Iska tana shigowa ta ƙofa, ta bi ta kan gam da ka kai bakin ƙofa, ta kwaso duk warin rumfar, ta tattara shi wuri guda ta fita da shi ta ramin nan. Kai kuma ka ɗauki tsoho ka ajiye hancinsa a bakin ramin. Da can rabonsa kawai yake shaƙa. Yanzu yana shaƙar nasa da naka da na Gyamfi da na Dansowaa. Dole ku warke!

Ka ce da hannunka ka ɗauki kujerar. Ka rubuta shi a fili, har da alfahari. Na karanta layin nan har takardar ta yi laushi. Ka san abin da mutane ke faɗa a kan ɗan ƙanwar da ya gaji da jiran gado. Ban taɓa kawo shi a raina game da kai ba, amma ga shi kai da bakinka ka ce ranka yana ƙuna. Ka gaya min me zan yi tunani.

In ba ka yarda da ni ba, ka gwada da idonka. Ranar da ba a buɗe gam ba, bayan fanka ta kwashe warin jiya, ka kunna maganin sauro mai hayaƙi, ka ajiye a kan teburin gam, ka ga inda hayaƙin zai tafi.

Ka gaya masa ni na ce ya tashi daga ƙarƙashin fankata yau, ba gobe ba. Ya koma bakin ƙofa, teburin gam ya koma inda na ce. In wani abu ya same shi, ka riƙe bencin da gudumar, amma kada ka ƙara kirana ɗan Kawu.

Twumasi

Kumasi

Twumasi,

Ba zan ɓata tawada a gaisuwa ba. Muna nan.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na zauna na sake karantawa. Bayan an taso coci na buɗe rumfa ni kaɗai, na yi abin da ka ce. Hayaƙin ya tashi daga teburin gam, ya miƙe kamar an kira sunansa, ya bi ta kan bencin Gyamfi, ya tafi tiryan-tiryan daidai inda kan Kawu yake zama. Na daɗe a zaune ina kallonsa. A kan iska kai ne da gaskiya.

A kan ɗayar maganar kuwa, Allah ya isa tsakanina da kai. Eh, ina jin haushinka. Ina jin haushin fankarka da sunanka da Faransancinka. Amma mutumin nan shi ya riƙe hannuna ya koya min yanka fata lokacin kana makarantar koyon sana'a da takalmin da ni na ɗinka maka. Benci nake so? Bencin da ƙafarsa ɗaya dutse ke tallafe da ita?

Yanzu ka ji abin da saƙonka ya haifar. Washegari na durƙusa gabansa na ce, "Kawu, Twumasi ya ce ka tashi daga ƙarƙashin fanka, ka koma bakin ƙofa."

Ya dube ni ya ce, "Bakin ƙofa? Wurin 'yan koyo da kajin Naa Dede?"

Na ce, "Warin gam ne yake bi ta kanka, Kawu. Zo in nuna maka da hayaƙi."

Ya ce, "Shi Twumasi ne ya faɗa, ko kai ka sa shi ya faɗa?"

Ka ji ko? Kai ka ce ina so in kashe shi, shi ya ce ina so in raba shi da ɗansa. Ni ne dai a tsakiya. Na rantse masa maganarka ce, na nuna masa rubutun hannunka, ko da yake ba karantawa yake yi ba. Da ma ban rantse ba. Fuskarsa ta faɗi. Can ya ce, ba da ni yake ba, "Ya aiko min abu, yanzu kuma ya ga ban isa in zauna kusa da shi ba."

Ya tashi ya fita, ya kashe makunni, ya zare fis ɗin, ya ƙulle a bakin zanensa. Maame Dansowaa ta ce masa, "Haba Agya Amankwa, mu fa?" Ya ce wanda ke son iska ya haifi nasa ɗan ya tura Abijan. Ya dawo ya zauna a kujerarsa, a ƙarƙashin matacciyar fanka.

Tun daga nan ba ta sake juyi ba. Fosu ya ce zai kawo wani fis, na ce ya kawo in yana so a kore mu duka. Wari ya dawo, ciwon kan Dansowaa ya dawo, Gyamfi yana barazanar kwashe kayansa. Teburin gam ba zai koma bangon baya ba, don in ya koma a cinyar Kawu zai zauna. Shi kuma ga tari, ga ɓacin rai, ko hirarka ya daina. Na ɗauka ranar da ya daina ambaton sunanka zan ji sanyi. Ban ji ba.

Bediako

Abijan

Ɗan Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Maganar gado da na yi ban kyauta ba. Tsoro ne ya rubuta ta, da kuma wani abu da ba tsoro ba, wanda kai ma ka sani.

Na nemi hutu an hana, sai jirgin da muke aiki a kansa ya tashi. Na zauna zan rubuta wa Baba, na rasa ta inda zan fara, don kai ne za ka karanta masa, kuma yanzu duk abin da ya fito daga bakinka da sunana dafi ne a kunnensa.

Abin da ya kasa shiga kanku shi ne, wurin daraja a ɗakin da ke da irin fankar nan ba inda iska ke fita ba ne, inda take shigowa ne. A jirgi mai fenti ke tsayawa gaban fanka. Kyaftin yana can sama inda iskar teku ke fara sauka. Amma a rumfarmu iska ta ƙofa kawai take shigowa, ƙofa kuwa Baba ya ce ta kaji ce. Daga nan dabarata ta ƙare.

Kai ka san shi fiye da ni. Ka ga na rubuta, hannuna bai karye ba. Ka yi wani abu.

Twumasi

Kumasi, ƙarshen damina

Ɗan Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Neman afuwarka ya iso, na ajiye shi, ban buɗe ba tukuna. Kowa lafiya, har wanda kake son ji.

Ga abin da na yi, kuma kada ka kuskura ka yi dariya. Na je kasuwar Adum na sayi taga mai yankan gilashi, irin wadda ake ɗagawa a sauke. Na sami Asamoa a tasha na roƙe shi kwali mai rubutun Faransanci. Na madarar gwangwani ya samo. Muka shirya tagar a ciki, muka ɗaure da igiya. Ranar Laraba ya tsaya da motarsa a ƙofar rumfa yana danna oda kamar ya kawo amarya, yana ihu, "Agya Amankwa! Saƙo daga Abijan! Ɗanka zai kashe ni da kaya!"

Kawu bai ko ɗaga kai ba. Amma na ga gudumarsa ta tsaya.

Na kwance kwalin a gabansa na ce, "Kawu, ashe waccan maganar rabi ce. Wannan yake jira ta iso. Ya ce fanka ba ta cika sai da tagarta. Ya ce a jirgi mai fenti ke zama gaban fanka, kyaftin kuwa yana inda iska ke shigowa, kuma bai yarda ubansa ya zauna a wurin mai fenti ba."

Ya taɓa gilashin da yatsa ya ce, "Kyaftin ya ce?"

Na ce, "Kyaftin."

Gyamfi, Allah ya yi masa albarka da bakin nan nasa, ya miƙe ya ƙame ya sara masa.

Na fasa bangon gabas, can gaba, nesa da gam, inda bishiyar mangwaro take a waje. Bulon wajen ya fi na baya taurin kai. Guduma ta kuɓuce ta sauka a babban yatsana, farcen ya fita gaba ɗaya. Na ɗaure da tsumma na ci gaba, don na san in na tsaya zai iya canza shawara. Na sa raga ta waje saboda ƙuda. Da na gama, Kawu ya kwance bakin zanensa, ya fito da fis ɗin, ya miƙa. Ka san wa ya miƙa wa? Gyamfi.

An kai kujerarsa gindin taga, teburin gam ya koma ƙarƙashin fanka, ni ne nake tsaye a wurin yanzu, gam yana tsakanina da raga, warin yana gudu daga fuskata. Na sake gwajin maganin sauro. Na ajiye shi a gefen kujerar Kawu, hayaƙin ya ba shi baya ya tafi. Na kuma yi nasarar kai shi asibiti, na ce kai ka ce. Sun ba shi magani, sun ce ya nisanci wari. Tarin yana raguwa. Shekaranjiya ya cinye namansa har ya leƙa kwanona. Da rana yakan yi gyangyaɗi a wurin, iska tana kaɗa masa gashin ƙirji, numfashinsa ba ya ƙara.

Yanzu ka ji ladana. Sunanta tagar Twumasi. Har Naa Dede ta zagayo ta gani. Kawu yana nuna wa mutane yadda gilashin Faransa ya fi namu haske, gilashin da na ɗauko a kaina daga Adum. Da can fanka ɗaya ce ke cin raina, yanzu na ƙara mata ƙanwa da hannuna.

Bediako

Abijan

Ɗan Gwaggo Bediako,

Na gode wa Allah, na gode maka. Ka gaishe da kowa, ka gaishe da yatsan. Na yi dariya, ka yafe min, kwalin madarar ne.

Amma abin bai zauna min ba. Ba zan ci yabon tagar da ban ko gani ba. In na zo Kirsimeti zan zaunar da shi in faɗa masa wanda ya saya da wanda ya fasa bango. Ko in ba Asamoa saƙon baki tun yanzu.

Kada ka ɗauka kirki ne ya yi min yawa. Ka ce yana gyangyaɗi iska tana kaɗa masa gashin ƙirji. Ni ban san gashin ƙirjinsa ya yi fari ko bai yi ba. Ban san ta wane gefe kansa ke faɗuwa in barci ya ɗauke shi ba. Sunana ne a bangon gabas da na baya, kai ne kake kallonsa. In ana musanya, yau zan ba ka fankar da tagar da Abijan ɗin, in karɓi tsumman yatsanka.

Twumasi

Kumasi

Twumasi,

Muna lafiya. Kawu yana gaishe ka, ya ce a gaya wa kyaftin ɗinku yana gaisuwa.

Kada ka faɗa masa komai, ba ta bakin Asamoa ba, ba da Kirsimeti ba. Ranar da ya ji tagar tawa ce, ranar zai ja kujerarsa ya koma gindin fankarka, kai ma ka sani. Na sha wahalar ƙaryar nan, ba za ka zo da gaskiyarka ka rushe min ita ba.

Gashin ya yi fari. Kansa hagu yake faɗuwa.

Yatsan bai warke da wuri ba, don ban daina aiki da shi ba. Ya kumbura, ya fara ruwa. Ranar Juma'a da rana, mutane sun fita cin dokunu, ina tsaye ina rufe gwangwanin gam, Kawu ya ce in zo. Na zo na durƙusa gindin tagar. Ya kama hannuna, ya kwance tsumman a hankali, ya daɗe yana duban yatsan. Ya ce, "Bangon gabas ɗin nan ni na gina shi. Na san taurinsa."

Ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya jawo kwalbar nan, ta ranar kunna fanka, da ɗan saura a gindinta. Ya riƙe min wuyan hannu ya tuttula a kan ciwon. Zafin ya kai min har tsakar ka. Giyar ta bi yatsana tana ɗiga a ƙasa, shi kuma yana kallon inda take ɗiga. Ya ce, "Bediako." Sau ɗaya, bai ƙara komai ba. Sannan ya yagi bakin zanensa, wajen da ya taɓa ƙulle fis, ya ɗaure min.

Ko ya sani, ko bai sani ba, ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba.

Na rubuto maka wannan ne don ka ji haushi. Ina fatan ka ji. Ka riƙe sunan tagar, tsumman ba na musanya ba ne.

Ɗan Gwaggonka,
Bediako